Kafin A Ja Mana Layi A Gonaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in tofa albarkacin bakina game da awon gonaki, maganar da take tasowa duk shekara idan damina ta kawo kai, lokacin da rigimar iyaka take cika zaurukan masu unguwanni da dagatai da kotunan shari'a a nan ƙasar Ringim da sauran sassan Jigawa da Kano. A 'yan shekarun nan wani ra'ayi ya yaɗu a tsakanin matasanmu masu ilimin zamani, musamman waɗanda suke duba hotunan tauraron ɗan'adam a wayoyinsu, cewa maganin wannan rigima shi ne gwamnati ta tattara gonakin karkara gaba ɗaya ta sake yanka su murabba'i-murabba'i, kamar yadda gonakin tsakiyar Amurka suke jere reras babu lanƙwasa. Na yi aikin malamin gona har na yi ritaya, kuma ban raina niyyar waɗannan matasa ba, amma ya kamata a san yadda aka yi wancan awo, da dalilin yinsa, da mutanen da aka yi shi a kan ƙasarsu, kafin a nemi a kwaikwaya.

Bashi ne ya kai Amurkawa ga wannan tsari. Sun kammala yaƙin neman 'yanci da Ingila a 1783 baitulmalinsu wayam, majalisarsu ta lokacin ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji, abin da take da shi wanda za a iya mayarwa kuɗi shi ne faffaɗar ƙasar da ke arewa da kogin Ohayo. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugabansu na uku, shi ya jagoranci kwamitin da ya fara tsara yadda za a auna ta a 1784, kuma a ranar 20 ga Mayu, 1785 majalisa ta zartar da dokar. A ƙarshen watan Satumba na wannan shekara babban safiyon ƙasar, Thomas Hutchins, ya fara jan layin farko daga bakin kogin Ohayo, daidai iyakar jihar Fensilbeniya. Ginshiƙin dokar shi ne a auna ƙasa tukuna, a rubuta ta, sannan a sayar.

Tsarin kansa ba shi da wuyar ganewa. Ana zaɓar wuri guda a kafa alama, shi ne mafari. Daga nan a ja layi miƙaƙƙe daga kudu zuwa arewa, a ja wani ya gitta shi daga gabas zuwa yamma, kuma duk awon yankin daga waɗannan layuka biyu yake tasowa. Irin wannan layi na tsaye guda 37 ne a ƙasar. Sai a yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace mil shida tsawo, mil shida faɗi, wato kusan kilomita goma ta kowane gefe. Kowace gunduma ana raba ta sashe 36, kowane sashe mil ɗaya ta ko'ina, eka 640 ke nan, kimanin hekta 259. Lambar sassan tana farawa daga kusurwar arewa maso gabas, a nufi yamma daga 1 zuwa 6, a sauko a juyo gabas daga 7 zuwa 12, kamar yadda shanun huɗa suke kai wa ƙarshen kunya su juyo, har a dire a 36 a kusurwar kudu maso gabas. Sashe yana rabuwa huɗu, kowane rubu'i eka 160, rubu'in ma ya sake rabuwa huɗu, eka 40. Saboda haka mutum yana iya rubuta cewa gonarsa ita ce rubu'in arewa maso gabas na rubu'in kudu maso yamma na sashe na 14, a gunduma ta uku arewa, jere na biyar yamma da layin tsaye kaza, kuma babu wata eka 40 a duk faɗin ƙasar da take amsa wannan suna sai ita. Ba a ambaci maƙwabci ba, ba a ambaci bishiya ba, amma safiyon da bai taɓa taka wurin ba zai iya zuwa ya tsaya a kanta. Jihohi 30 ne aka auna ta wannan hanya, Kanada ma ta ɗauki makamancinta a yammacin ƙasarta daga 1871.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin abin da muke da shi a ƙauye ba. Sarƙa ce ta ƙarfe wadda wani Bature ɗan Ingila mai suna Edmund Gunter ya ƙirƙiro a 1620, tsawonta ƙafa 66, kimanin mita 20, mai gaɓa ɗari, sai na'urar nuna arewa. Sarƙa 80 ita ce mil ɗaya, fili mai tsawon sarƙa goma da faɗin sarƙa ɗaya kuma shi ne eka. Mutum biyu suna jan sarƙa, masu gatari suna share hanya, a kowane mil da kowane rabin mil a kafa turke. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka yi wa turken shaidu. Idan akwai itatuwa a kusa, sai a sassaƙe ɓawon wasu daga cikinsu a zana lamba, a rubuta a littafi irin itacen, da kaurinsa, da nisansa daga turke, da ɓangaren da yake, domin ko turken ya ruɓe ko wani ya tumɓuke shi a iya dawo da shi mazauninsa. A filayen ciyawa inda babu itace, sai a tara tudun ƙasa, a haƙa ramuka a gefensa, a binne gawayi ko dutse mai alama a ƙarƙashi. Safiyo yana rubuta duk rafin da ya tsallaka da irin ƙasar da ya gani, daga littafin nan a zana taswira, a ajiye ɗaya a ofishin filaye na yankin inda kowa zai iya dubawa, a aika ɗaya babban ofishi. An kafa wannan babban ofishi a 1812, a 1946 aka haɗe shi cikin hukumar kula da filaye ta yanzu, kuma tsofaffin takardun suna nan har yau ana duba su ta intanet.

Ba a ce awon bai da kuskure ba. Da farko dai duniya a dunƙule take, layukan da suka nufi arewa suna matsowa kusa da juna, don haka gunduma ba za ta taɓa zama cikakken murabba'i ba. Maganin da suka yi shi ne bayan kowane mil 24 a ja sabon layin gyara a sake awo daga kansa, ragi ko ƙarin da aka samu a cikin gunduma kuma a tura shi sassan da ke gefen arewa da na yamma. Shi ya sa hanyar da ta miƙe sak a can takan yi gwiwa ba zato, ta ɗan karkata, sannan ta ci gaba. Ban da wannan, sarƙa tana saki, ma'aikata suna gajiya, akwai kuma maha'inta. A Kalifoniya an kama gungun wani John Benson a shekarun 1880 suna zana taswirar wuraren da ba su taɓa takawa ba suna karɓar kuɗin gwamnati. Duk da haka wata doka ta 1805 ta yanke cewa inda safiyon gwamnati ya kafa alama tun farko nan ne kusurwa, ko da awon baya ya nuna ya kauce. A ganina wannan hukunci ya fi miƙewar layukan amfani nesa ba kusa ba, domin shi ne ya rufe ƙofar da kowane sabon mai awo zai shigo ya tayar da tsohuwar iyaka.

Ina ba masu ra'ayin murabba'i gaskiyarsu a wuri guda: tsarin ya rage shari'a. A jihohin gabashin Amurka da jihar Kentaki, inda ake siffanta gona irin yadda muke yi, daga wannan itace zuwa wancan dutse zuwa bakin rafi, takardun mutane sun riƙa hawa kan juna har fili ɗaya ya samu masu shi uku. Mahaifin Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya yi asarar gonaki a Kentaki ta wannan hanya, abin da ya sa a 1816 ya kwashe iyalinsa ya koma Indiyana, inda gwamnati ta riga ta auna. A jihar Ohayo akwai yankin da aka bar wa tsofaffin sojojin jihar Bajiniya suka yanka yadda suka ga dama, kafaɗa da kafaɗa da yankin da aka yi wa murabba'i, kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Gary Libecap da Dean Lueck, sun kwatanta yankunan a binciken da suka fitar a 2011, suka samu cewa gefen murabba'i ya fi ƙarancin rigimar iyaka, ƙasarsa kuma ta fi daraja.

To amma, Malam Edita, ƙasar wa aka auna? Hutchins bai kai mil huɗu ba a wancan karo na farko ya tattara mutanensa ya koma, saboda labarin da ya samu cewa 'yan asalin ƙasar, irin su ƙabilar Shawani, ba su yarda ba. Sai da aka ci su da yaƙi a 1794, aka sa su sa hannu a yarjejeniyar Girinbil a 1795, sannan awo ya samu tafiya sosai a Ohayo. Layin ya miƙe ne saboda an kawar da duk wanda zai ce ga kabarin kakansa, ga gonarsa, ga hanyar farautarsa. Talakan Bature ma bai samu da sauƙi ba, domin da farko mafi ƙarancin abin da ake sayarwa shi ne sashe guda, eka 640, a kan dala ɗaya kowace eka, don haka masu kuɗi da 'yan baranda suka fi morewa. Sai a 1820 aka sauko zuwa eka 80, a 1832 zuwa 40, sannan dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma shekara biyar eka 160. Wurin da aka gwada ainihin abin da matasanmu suke nema, wato a ɗora murabba'i a kan ƙasar da jama'a suka riga suka mallaka, shi ne dokar Dawes ta 1887, wadda ta yanka ƙasar ƙabilu ta raba wa magidanta, abin da ya saura aka kira shi rara aka buɗe wa baƙi. Ƙasar da ke hannun 'yan asalin ta sauko daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 kafin a dakatar da rabon a 1934. Filayen da suka rage kuma gado ya bi ta kansu, har aka wayi gari murabba'i ɗaya yana da magada ɗaruruwa, babu mai iya noma shi ko sayar da shi.

Akwai kuma maganar ruwa, wadda ta fi shafar mu. Wani masanin ƙasa, John Wesley Powell, ya gabatar wa majalisarsu rahoto a 1878 yana cewa a yammacin ƙasar, inda ruwan sama bai wadatar ba, eka 160 ba ta riƙe iyali, kuma layin da bai san inda rafi yake ba zai ba mutum ɗaya ruwa ya bar goma a tsandauri. Ya ba da shawarar a ba makiyayi eka 2,560, a kuma ja iyakoki yadda kowa zai taɓa ruwa. Ba a saurare shi ba, aka kafce filayen ciyawa, fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka tashi dubban iyalai daga gonakinsu.

Mu kuwa ƙasarmu ba ta da wani taƙi da ba shi da mai shi. Yankin da ke kewaye da Kano yana cikin wuraren da aka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana noma shi shekara da shekaru ba hutu. Lanƙwasar da ake gani a hoto ba ta banza ba ce. Duk wanda ya halarci rabon gadon gona ya san dalilinta. A ce magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, da gona eka huɗu da ta gangara daga tudu zuwa fadama. Matar tana da tumuni, rabin eka. 'Yar tana da rabin eka. Kowane namiji eka guda. Masu rabo ba za su yanka ta a kwance ba, domin wani zai kwashe damshi ya bar wa 'yan'uwansa yashi. A tsaye za a ja igiya, kowa ya samu siririn yanki da ya taɓa jigawar gero da gyaɗa daga sama, ya kuma taɓa wurin shinkafa ko lambu daga ƙasa, idan wani gefen ya fi taki a rage masa faɗi. Abin da Powell ya roƙa aka hana shi, malamanmu da dattawanmu suna yinsa da igiya. Sannan haƙƙoƙi a gona ɗaya hawa-hawa ne: ƙasar ta wane ce, amma tana jingine a hannun wane, ɗorawar da ke tsakiyarta ta gwaggonsu ce tun rabon farko, hanyar rijiya ta ratsa gefenta, bayan girbi kuma akwai fahimta da makiyayi ya shigo ya ci kara ya bar taki. A bakin kogin Haɗeja ruwa da kansa yana cin gaɓa ɗaya ya ƙara wa ɗaya. Duk wanda zai sake yanka wannan ƙasa sai ya fara share waɗannan haƙƙoƙi, kuma masu ƙaramin ƙarfi, mata da marayu da masu aro, su ne za su fara faɗowa.

Mun ma taɓa ganin an sake yanka gonaki a Arewa. A aikin noman rani na Kadawa, wanda madatsar ruwa ta Tiga take shayarwa tun shekarun 1970, sai da aka baje gonaki aka haƙa magudanai sannan aka sake rabawa, kuma a can akwai dalili, tunda ruwan kwata ba ya bin iyakar gado. A Bakolori ta tsohuwar jihar Sakkwato, wadda yau take jihar Zamfara, irin wannan aiki, da rikicin diyya da na mayar da gonaki, shi ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980. Tun kafin nan, a farkon mulkin Turawa, an yi malaman taki a masarautar Kano, waɗanda suke auna gona da takun ƙafa domin a yanka mata haraji. Wannan tarihi ne ya sa har gobe idan baƙo ya sauka a gona da na'urar awo, abin da yake fara zuwa zuciyar manomi shi ne haraji ko ƙwace, kuma ban ga laifinsa ba.

Ba ina cewa a bar abin yadda yake ba ne, domin yadda yake ɗin ma ciwo ne. Iyakarmu gamba ce, ko jema a fadama, ko shingen aguwa, ko kunyar da aka bari ba a noma ba. Gamba ana yanka ta a yi zana, wuta tana cinta, garmar maƙwabci kuma tana aske ta kaɗan-kaɗan, bana tafin hannu, baɗi tafin hannu, har kunya biyu su ƙaura ba wanda ya ga ranar tafiyarsu. Idan magana ta tashi, mai unguwa ya kira dattawa a fita da hantsi, a tsaya a kan kututturen wata tsamiya da aka sare tun tuni, wani tsoho ya dogara sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan mahaifinsa yake ɗaure jaki, iyakar kuwa ta bi ta gabas da nan." Wani tsohon ya ce ta yamma ta bi. A yi ta tono da fartanya ana neman saiwar tsohuwar gamba, in an samu a yi sulhu a yi addu'a, in ba a samu ba a raba abin da ake gardama a kai biyu, kowa ya tafi da guntun ɓacin rai. Na halarci irin wannan zama da yawa, kuma adalcin da ake yi a cikinsa ba kaɗan ba ne, illa dai duk hujjar tana cikin kan mutanen da shekarunsu suka ja, kuma idan aka binne su an binne ta.

Abin da ya kamata mu ɗauko daga Amurka shi ne alamar da ba ta ƙaura, da shaidunta, da littafin da kowa zai iya buɗewa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar a miƙe iyaka. A bi gonaki yadda suke, masu iyaka da juna su tsaya, mai unguwa da wakilin alƙali su shaida, a kafa turken siminti a kowace kusurwa da kowace lanƙwasa, a binne gawayi ko fasassun tukwane a ƙarƙashinsa, a rubuta nisansa daga kuka ko gawo ko rijiyar da ke kusa, a kuma ɗauki lambobin wurin da na'urar tauraron ɗan'adam. Mafari ma muna da shi, domin awon Nijeriya ya daɗe yana komawa ga alamar da aka kafa a Minna. Sannan majalisun jihohi su yi irin hukuncin 1805, cewa turken da aka kafa a gaban shaidu, bayan an ba da wa'adin ƙorafi ya wuce, shi ne iyaka. Ruwanda ta yi makamancin wannan tsakanin 2009 da 2013, ta horar da mutanen ƙauyuka suka bi gona-gona da hotunan da aka ɗauka daga sama, aka yi rajistar filaye sama da miliyan goma ba tare da an sake yanka su ba. A nan gida kwamitin gyaran dokokin ƙasa da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya gwada rajistar bai-ɗaya a jihohin Kano da Ondo. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta riga ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar karkara, saboda haka manomi ba ya buƙatar zuwa Dutse ko Kano a kan gonar eka biyu, in dai an yi niyyar sauƙaƙa masa. Littafin ya kasance da Hausa, boko da ajami, kwafi ɗaya a wurin dagaci, ɗaya a kotu, ɗaya a sakatariya, kuma ya kasance da gurbin rubuta jingina, da aro, da mai itace, da sunan kowace mace mai rabo ko da ɗan'uwanta ne yake noma mata. A kuma tanadi yadda za a riƙa shigar da sabon rabon gado da ciniki, domin littafin da ba a sabunta shi ba, cikin shekara ashirin zai zama wata sabuwar hujjar rigima.

Akwai abu guda a dokar 1785 da nake jin kishinsa. A kowace gunduma an keɓe sashe na 16, wanda yake kusa da tsakiya, domin makarantun jama'a, tun kafin a sayar da ko eka ɗaya. Daga 1848 sababbin yankuna suka riƙa samun sashe na 36 a kai. Wato rabon jama'a aka fara fitarwa. Mu namu rabon jama'ar shi ne burtali, da makiyaya, da mashaya, da maƙabarta, da filin idi, da filin makaranta, kuma su ne marayun filaye, kowa yana gutsura ba mai kai ƙara. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, amma burtalin da a da garke yake wucewa a sake, yau a wurare da yawa saniya biyu ba sa jerawa, daga nan kuma ɓarna da faɗa suke farawa. In da ni ake shawara, kafin a taɓa gonar kowa waɗannan za a fara aunawa a kafa musu turaku masu tsayi da ake hangowa daga nesa.

Inda murabba'i yake da gurbi a wurinmu shi ne inda gona take zama gari. A gefen Kano da manyan garuruwan Jigawa dillalai suna sayen gona su yanka ta awon igiya, kowane mai gona da nasa tsarin, lungun wannan ya ƙare a bangon wancan, babu kwata, babu filin makaranta, babu hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. A nan ne ƙa'idar a auna kafin a sayar take da cikakken amfani, domin mai gonar da kansa ya yarda ya rabu da ita, babu wanda za a tasa.

Ina roƙon ma'aikatun ƙasa da safiyo na Jigawa da Kano, tare da majalisun masarautu, su zaɓi ƙasar dagaci ɗaya a kowace masarauta a gwada. A yi aikin da zarar an kammala girbi, lokacin da gonaki suke fili kuma 'yan ci-rani ba su riga sun watse ba, a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni da rediyo tun da wata guda, a aika wa matan da suke aure a wasu garuruwa su zo ko su wakilta, hakimi kuma ya faɗa da bakinsa a bainar jama'a cewa awon ba na haraji ba ne, gwamnati ta rubuta hakan ta sa hannu. Ina kuma fatan safiyoyin da suke karanta wannan jarida za su rubuto su faɗa mana abin da turken siminti ɗaya da awon eka ɗaya za su ci idan aka yi wa ƙauye guda a lokaci ɗaya, domin da wannan lissafi ne za a iya tunkarar shugabannin ƙananan hukumomi kafin su tsara kasafin kuɗin baɗi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.